Guduma mai gajeriyar ƙota: wa ya san asalin waɗannan zane-zane?

Ɗan Gwanjo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu karatun cikinmu. Shekaranjiya na kwance dila, na ci karo da riguna har goma sha ɗaya masu zane kusan iri ɗaya: wata guduma a kife, ƙotarta gajeriya kamar an datse ta, hankaki biyu a gefe, sai wani itace da saiwoyinsa suka zagayo suka sarƙe da rassa. Yaron shagona ya ce na wani jarumin fim ne. Wani dattijo kuma ya ɗaga, ya duba, ya ajiye, ya ce alamar matsafa ce. Ni dai kuɗina na zuba. Wa ya san asalin abin?

Auta: Yaya ai gudumar Tor ce, wadda ba mai iya ɗagawa sai shi. Ka ninka kuɗin kawai, samari za su wawashe.

Malam Tarihi: Wa alaikumus salam. Auta, masu fim aro suka yi, abin ya girme su da fiye da shekara dubu. Zane-zanen uku duk daga tsohon addinin mutanen Arewacin Turai suka fito, wato Norwe, Suwidin, Denmak da tsibirin Aislan, kafin su shiga Kiristanci. Su ne mayaƙan jiragen ruwan nan da ake kira Baikin, waɗanda suka yi suna da harin da suka kai gidan ibadar Lindisfan a Ingila a 793.

Gudumar ta Tor ce, allansu na tsawa, sunanta Miyolnir, kuma gajartar ƙotar ba kuskuren mai zane ba ne. A labarinsu, Loki, fitinannen cikin allolinsu, ya yi caca da wasu wadanni biyu 'yan'uwan juna, maƙera, ya sa kansa jingina cewa ba za su iya ƙera abin ban mamaki ba. Da ya ga aikin na tafiya daidai, sai ya rikiɗe ƙuda ya riƙa cizon mai zuga. Ya cije shi a hannu, ya daure. Ya cije shi a wuya, ya daure. A karo na uku ya cije shi a fatar ido, jini ya rufe masa gani, ya saki zugazugi ɗan lokaci don ya share. Wannan ɗan sakin ne ya sa ƙotar ta fito guntuwa.

Hankakin na Odin ne, babban allolinsu. Ɗaya Hugin, ma'anarsa tunani, ɗaya Munin, wanda ake fassarawa da tunawa. Kullum da safe yana sakinsu su zaga duniya su kawo masa labari. Itacen kuma Igdirasil, wanda suke cewa shi ya riƙe duniyoyi.

Ustaz: Malam, Allah ya ƙara basira. Amma a taƙaice dai dattijon nan ya fi yaron shago gaskiya. Abin bautar wasu ne, ko da sun daina bautar.

Ɗan Gwanjo: Allah gafarta Malam, riga goma sha ɗaya fa.

Malam Tarihi: Ustaz, za mu zo kan wannan, ban ƙi ta taka ba. Amma ku bar ni in faɗi abin da ya daɗe yana ɗaure min kai game da mutanen nan. Galibin al'ummomin da suka sassaƙa wa kansu alloli, cikakku suke sassaƙawa. Ku dubi gumakan Girkawa, jiki sumul, ba tabo. Su kuwa waɗannan, duk babban da ka taɓa a cikinsu sai ka tarar an gutsure masa wani abu.

Odin ido ɗaya gare shi. Ɗayan ya jinginar a rijiyar Mimir don a bar shi ya sha ruwan hikima sau ɗaya. Tir, wanda ake dangantawa da yaƙi da shari'a, hannu ɗaya gare shi. Firai, na albarkar noma, ya bayar da takobinsa don neman auren wata 'yar samudawa, shi ya sa ranar yaƙin ƙarshe zai fito ba takobi. Makamin da ya fi kowanne, ƙotarsa guntuwa. Hatta hankakin nan, akwai baitin da Odin yake cewa yana fargabar kada Hugin ya ƙi dawowa, amma fargabarsa kan Munin ta fi. Wato babban allansu tsoron ruɗewar tsufa yake, kada wata rana tunawa ta tashi ta bar shi.

Itacen ma da ake zana shi a riga kamar alamar lafiya da yabanya, a labarin cinsa ake yi dare da rana. Bareyi huɗu na cin tohonsa, wani macijin da ake kira Nidhog na gaigayar saiwarsa, gefensa na ruɓewa. Mata uku masu rabon ƙaddara, Urd, Berdandi da Sukuld, su ke ɗebo ruwa da farar laka kullum suna zuba masa don kada ya bushe. A ganina duk zanen nasu magana ɗaya yake yi: komai sai an biya, kuma abin da aka biya ba ya dawowa.

Malama Adabi: Malam ka manta kurege! Ni shi ya fi burge ni. A ƙololuwar itacen akwai mikiya, a gindi ga maciji, shi kuma kurege mai suna Ratatoska aikinsa hawa da sauka, ya ɗauko zagin mikiya ya kai wa maciji, ya ɗauko na maciji ya kai sama. Mutanen da suka zauna suka zana tsarin duniya baki ɗaya, suka ga ba zai cika ba sai an sa mai kai gulma a tsakiya. Waɗannan sun san zaman gidan haya.

Auta: Anti, a wannan zauren ma muna da kurege, ba zan kama suna ba.

Mai Gardama: Ni fa Malam, ina ganin ka ɗora wa labaran nan nauyin da ba nasu ba. Tambaya ta farko: wa ya rubuta su? Mutanen Aislan sun karɓi Kiristanci a taronsu na Altingi wajen shekarar 1000. Sinori Siturluson, wanda ta hannunsa yawancin labaran nan suka iso mu, ya rubuta littafinsa na Edda wajen 1220. Shekara 220 ke nan da barin addinin. Kirista ne, ɗan siyasa, mai neman kusanci da sarkin Norwe, har siyasar ta ci shi aka kashe shi a gidansa a 1241. A gabatarwar littafin ma cewa aka yi allolin nan mutane ne da suka yi hijira daga Turoi, wani tsohon birni a ƙasar Turkiyya ta yau. Kundin tsofaffin waƙoƙinsu na allolin kuma wajen 1270 aka kwafe shi.

To ɗauki labarin Odin da ya rataye kansa a jikin itace kwana tara, an soke shi da mashi, ya miƙa kansa hadaya ga kansa. Wanda aka rataye a itace aka soke shi da mashi, bai tuna maka da labarin da Kiristoci suke bayarwa ba? Ina tabbacin ba ruwan coci ne ya gauraya da na rijiyar Mimir ba?

Malam Tarihi: Tambayarka a kan hanya take, masana ma ita suke ta yi. Wani ɓangaren na ba ka. Ba mai musun cewa Sinori ya gyara, ya jera, ya cike gurbi da tunaninsa. Kamar dai labarin Barbushe da Tsumburbura ne a Dala: abin da muka sani game da bautar, daga alƙalamin Musulmin da suka zo daga baya muka same shi.

Amma dutse ya riga Sinori. A Altuna, cikin Suwidin, akwai dutsen da aka sassaƙa a ƙarni na 11. An zana Tor a kwalekwale yana kamun macijin da ya naɗe duniya, guduma a hannu, ƙafarsa ta fasa ƙasan jirgin ta leƙo. Wannan ɗan bayanin na ƙafa, shi Sinori ya rubuta bayan fiye da shekara 150, a wani tsibiri mai nisan gaske. Bai ƙirƙira ba, ya tarar ana faɗa.

Batun rataya kuwa, Adam na Biremen ya rubuta wajen 1075 cewa a Ubsala, cikin Suwidin, duk shekara tara ana babban biki, ana rataye mutane da dawaki da karnuka a itatuwan da ke kusa da ɗakin bauta. Sunan itacen ma, Igdirasil, an fi fassara shi da dokin Ig, Ig kuwa ɗaya daga sunayen Odin ne mai ma'anar abin tsoro. A salon waƙarsu wanda aka rataye ana cewa ya hau doki. Ke nan itacen da ke riƙe da duniya, sunansa itacen rataya.

Mai Gardama: Dutsen Altuna na karɓa. Adam kuwa malamin coci ne da bai taɓa zuwa Ubsala ba, ji ya yi. Kuma ka tsallake gicciyen Gosfot a arewacin Ingila, na ƙarni na 10. A jikinsa an sassaƙa ɗan Odin yana yaga bakin dodo, an sassaƙa Loki a ɗaure matarsa riƙe da kwano tana tare masa dafin maciji, sannan a wannan dutsen dai ga hoton gicciyewa irin na Kiristoci. Tun kafin Sinori an riga an cakuɗa.

Malam Tarihi: An cakuɗa, ban musa ba. A Denmak an tono wani dutse mai laushi na ƙarni na 10, wanda maƙeri ke zuba narkakken ƙarfe a ciki. Rami uku gare shi: biyu na gicciye, ɗaya na guduma. Maƙeri ɗaya, wuta ɗaya, kowa ya zo a ba shi abin wuyansa.

Ɗan Gwanjo: Wannan maƙerin ɗan kasuwa ne na gaske, Allah ya sani.

Ustaz: Ka ji ko? Abin wuya. Wato laya ce suke ratayawa don neman tsari. Ai magana ta fito.

Malam Tarihi: Laya ce, Ustaz, ba ɓoye-ɓoye. An tono ɗaruruwansu. A 2014 ma an samu wata a tsibirin Lolan na Denmak da rubutu a jiki da haruffansu cewa guduma ce, abin da ya kashe gardamar masu cewa ko wani abu ne daban. Kuma ba makamin yaƙi kaɗai ba ce a wurinsu. A wata waƙa ana ɗora ta a cinyar amarya don sa albarka. Da ita Tor yake tayar da awakinsa bayan ya yanka ya ci.

Sai dai karanta labarinsu ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Mafi cikar bayanin ganau da duniya take da shi kan jana'izar mutanen nan, Musulmi ne ya rubuta: Ahmad ibn Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir, wanda ya gamu da su a bakin kogin Bolga a 922. Ya ga an sa gawar shugabansu a jirgi, an yanka dawaki da shanu da kare, an kashe wata kuyanga, an cinna wuta. Ya ƙyamaci abin, amma ya rubuta dalla-dalla. Azurfarmu ma ta kai can. A tsibirin Gotlan, a 1999, an tono taskar azurfa mai nauyin kilo 67 da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan duka dirhamin ƙasashen Musulmi.

Ustaz: Karatu daban, ratayawa a ƙirji daban. Ibn Fadlan ya rubuta, bai ce a ɗinka masa rigar ba. Ni iyakar tawa ke nan, kuma ban hana muhawara ba, ina ma jin daɗinta.

Malama Adabi: Ni hannun Tir nake so mu koma, don Malam ya wuce shi da sauri, alhali nan ne maganarsa take da rauni. Ya ce komai sai an biya. To me Tir ya saya da hannunsa?

Ga yadda abin yake. Fenrir kyarkeci ne, ɗan Loki. Tun yana ƙarami allolin suka ɗauko shi suka rene shi, Tir kaɗai ke da zuciyar ba shi abinci. Da ya girma suka tsorata, suka ce zo mu gwada ƙarfinka. Sarƙa ta farko ya tsinka, ta biyu ya tsinka. Sai aka sa wadanni suka saƙa wani zare mai laushi kamar alharini daga abubuwa shida: ƙarar takun kyanwa, gemun mace, saiwar dutse, jijiyar dabbar beyar, numfashin kifi, da yawun tsuntsu. Har aka ƙara da cewa shi ya sa yau ba ka jin takun kyanwa, ba ka ganin gemu a fuskar mace, duk an kwashe an yi zare. Wanda ya taso da tatsuniya a gindin kaka ya san wannan salon.

Kyarkeci ya ga zaren ya yi siriri da yawa, ya ce akwai lauje cikin naɗi. Ya ce sai ɗayanku ya sa hannu a bakina, jinginar cewa za ku kwance ni. Kowa ya sunkuyar da kai, Tir ya miƙa na dama. Aka ɗaure, aka ƙi kwancewa, ya datse hannun. Labarin ya ce kowa ya yi dariya ban da Tir.

Ku duba fa: mai riƙon alkawari ne ya rasa hannun da ake rantsuwa da shi, a kan alkawarin da ya san na ƙarya ne. Odin ya ba da ido ya samu hikima, ciniki ne. Tir kuwa tara ya biya. Kuma kyarkecin bai yi musu laifin komai ba tukuna, annabcin abin da zai yi suka ji, suka ci amanarsa, daga ƙarshe shi ne zai haɗiye Odin. Ni ina ganin su suka ƙera maƙiyinsu da hannunsu.

Malam Tarihi: Malama, na sara miki. Tara ta fi ciniki dacewa a nan. Amma ko tara ai biya ce.

Malama Adabi: Kada ka zille, Malam. Wanda ya biya sadaki da wanda ya biya diyya duk sun zaro kuɗi, amma ba hanya ɗaya suka bi suka koma gida ba.

Auta: To shi Loki ai Gizo ne kawai, ko?

Malama Adabi: Da farko sun yi kama, ƙanena: ƙarya, kwaɗayi, jefa jama'a a rami sannan a nemo dabarar fita. Amma Gizo duk ɓarnarsa, gobe da dare sai a sake buɗe tatsuniya da shi, shi da Ƙoƙi, kamar ba a yi ba. Loki kuwa ɓarnarsa taruwa take. Ya kai har ya sa aka kashe Baldur, ɗan Odin, wanda kowa ke so. Uwar Baldur ta bi wuta, ruwa, ƙarfe, duwatsu, cututtuka, ta sa kowa ya rantse ba zai cuce shi ba. Abu ɗaya ta raina ta tsallake, wani ɗan tsiro da ke fitowa a jikin itace, ba ya da saiwa a ƙasa. Kauci ke nan, irin na ƙasarsu. Shi Loki ya tsinko ya miƙa wa makahon ɗan'uwan Baldur ya jefa. Ranar da na gane cewa kauci ne, sai da na ajiye littafin na yi shiru, don mu ma masu magani ba su ɗauki kauci tsiron banza ba.

Wani abin da ya yi kama da namu shi ne kirari. Mawaƙansu ba sa kiran abu da sunansa. Jirgi dokin teku ne, jarumi mai ciyar da hankaki ne, zinariya hawayen Fireya ce, wata mace cikin allolinsu, ko gashin Sif, matar Tor. In ba ka san labarin ba, ba ka gane waƙar. Dalilin rubuta littafin Sinori ma ke nan, ya ga samarin mawaƙa sun fara kasa warware kirarin kakanninsu.

Baƙon Oslo: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aiki na tarar da wannan dogon zance. Iyayena da yayyena, ni abin da zan ƙara na jiki ne. Shekara ta ta farko a nan, a watan Disamba, na fita aiki cikin duhu na dawo cikin duhu. Hasken rana bai fi awa shida ba, can arewa kuwa rana ba ta leƙowa sam na tsawon makonni. A lokacin na fahimci abin da ya sa tashin duniyarsu da sanyi yake farawa: hunturu uku a jere ba bazara a tsakani, kyarkeci ya haɗiye rana, 'yan'uwa su kashe juna. Mu da muka san fari, da mu ne da ƙishirwa za mu fara labarin.

Akwai masanan nan da ke danganta wannan da shekarar 536, lokacin da ƙurar aman wutar dutse ta dusashe rana. Marubutan Rum sun ambaci shekarar, zoben cikin kututturen itatuwa ya nuna sanyin, kuma an ga ƙauyuka da yawa a Suwidin sun zama kufai a wannan zamanin.

Sai gargaɗi, Yaya Ɗan Gwanjo. Gudumar da hankakin a nan ba a ɗauke su komai ba, kayan tarihi ne, ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Amma wasu haruffan nasu masu wariyar launin fata sun sace su tun zamanin Hitila. Alamar rundunar SS, mai kamar walƙiya biyu, daga haruffan nan aka ɗauko. In ka ga wannan a riga, kada ka bari ɗan'uwa ya sa, balle mai niyyar tafiya Turai.

Ɗan Gwanjo: Na sake zazzage su yanzu. Ba walƙiya. Amma biyu suna da wani zane kamar tauraro mai ƙafa takwas, kowace ƙafa da 'yan ƙahonni, ɗaya kuma mutum ne da hular ƙarfe mai ƙaho.

Baƙon Oslo: Duka biyun sababbi ne. Mai ƙafa takwas ɗin a wani kundin Aislan na 1860 aka same shi, shekaru ɗaruruwa bayan zamanin Baikin. Hular ƙaho kuwa mai ɗinka kayan wasan kwaikwayo ne ya yaɗa ta a Jamus a 1876. Hular gasken da aka tono a Norwe a 1943 ba ta da ƙaho ko ɗaya.

Mai Gardama: To ka gani. Na ƙarya ya fi na gaske kasuwa.

Baƙon Oslo: Na gasken ma yana aljihun kowa a zauren nan. Alamar Bluetooth biyu ne daga haruffan nan nasu, da ake kira Run, aka haɗa, H da B, farkon sunan Sarki Haral na Denmak da na laƙabinsa Bluetooth, wanda ya kafa dutse a Yelin wajen 965 yana alfaharin shi ya mayar da mutanensa Kirista.

Auta: Ustaz, sai a kashe Bluetooth ke nan?

Ustaz: Auta, ka kiyaye ni. Sunan sarki ne, ba na gunki ba. Allah ya shirye ka.

Ɗan Gwanjo: Jama'a na gode ƙwarai. Ga inda aka kwana: na bi shawarar Ustaz rabi, na sauke su daga rataye na zuba cikin kayan aiki, na masu fenti da kanikawa. Da yammar nan wani maƙeri ya ɗauki biyu. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce duk wanda ya sa wa guduma wannan ƙotar bai taɓa zama a maƙera ba.

Malam Tarihi: In ya dawo ka gaya masa maƙerin ba shi da laifi, ƙuda ne ya ciji mai zuga.